Ƙoƙon Barmo da Madatsar Tarbaruwa

A zamanin da dajin da ke ƙarƙashin duwatsun Gurbi bai san gatari ba, an yi wani maharbi ana ce da shi Barmo. Masu ba da tarihi sun saɓa a kan garin da ya fito, amma bakinsu ɗaya a kan halinsa: mutum ne mai tambaya. In ya ga sawu, sanin dabbar bai ishe shi ba, sai ya san abin da ya fito da ita da inda ta dosa. An ce ya taɓa barin barewa ta tsere, kibiya na kan tsarkiya, don ya tsaya kallon yadda zanzaro ke ginin ɗakinsa. Matarsa Dela, maginiyar tukwane, ta sha miya ba nama saboda wannan hali, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Wata shekara ya harbi gwanki, ya bi jininsa kwana bakwai. A rana ta bakwai gwankin ya shiga wani kwari, ya tsaya a tsakiyar yashi, ya waiwayo ya dube shi, sai ya ɓace, ba gawa ba sawu. Inda ya tsaya ƙorama ce busasshiya wadda makiyaya ke kira Fusatau. Da rani ko tsuntsu ba ya samun abin jiƙa baki a cikinta. Da damina kuwa takan sauko daga duwatsu a yini guda, ta yi awon gaba da bukkoki da shanu, bayan kwana uku ta ƙafe kamar ba ita ba.

Da wani maharbin ne, da ya koma gida yana cizon yatsa. Barmo zama ya yi yana tambayar kansa: ina ruwan nan yake zuwa, kuma me zai hana ya tsaya? Damina guda ya kwashe a kwarin yana kallo. Ya lura duk abin da Fusatau ta taras tana kwashewa, ban da suri. Gidan gara kaɗai ke tsayawa cikin ambaliya, ruwa ya janye ya bar shi yadda yake. Da ya koma ya gaya wa Dela, ta ce ai ba abin mamaki ba ne, gara cuɗa ƙasarta take yi kamar yadda ake cuɗa yumɓu, kuma ƙasar da ta cuɗu ba ta ba ruwa hanya.

Da gida bakwai suka dawo kwarin don su gina madatsa. Suka haƙa rami a inda wuyansa ya fi ƙunci, Dela da matan suka cuɗa jan yumɓu da ƙasar suri suka cika shi, wannan shi ne cikin madatsar. Maza suka riƙa zuba ƙasa taƙi ɗaya ɗaya, ana kora shanu a kai su tattake kafin a ƙara wata. Rani uku aka yi ana wannan aiki. Tsayinta ya kai mutum uku, tsawonta taku ɗari huɗu. Tsofaffi sun ce da tsakar rana, in mutane sun shiga inuwa, gara kan fito ta liƙe inda suka bari.

A damina ta huɗu Fusatau ta sauko da hayaniyarta, ta bugi madatsar, ta tsaya. Daga ranar maroƙa suka sa masa kirari: Barmo na Dela, mai ɗaure ƙorama da igiyar ƙasa! Maharbin da ya kama ruwa da rai! Mutane suka yi ta zuwa suna gina gidaje a ƙasan madatsar, inda ƙasa ke da danshi har tsakiyar rani, garin ya samu suna Tarbaruwa. Shi kuwa Barmo a sama ya yi gidansa, a wani wuri mai ɗan kwari tsakanin ƙarshen madatsar na yamma da tudu, inda falalen dutse ke kwance ƙarƙashin ƙasa. Nan mahaifiyarsa ta rasu, nan aka binne ta a gindin kanya, cikin gida, yadda mutanen lokacin ke yi.

Shekara goma sha biyu suka wuce lafiya. A ta goma sha uku aka yi daminar da ba a taɓa ganin irinta ba, tafkin ya cika har yana lasar leɓen madatsar.

Tun farko akwai inda ruwa ke tsattsafowa a gindinta, garai-garai, mata na ɗiba. Wata safiya Barmo ya tsugunna ya ɗebi ruwan a ƙoƙo zai sha, sai idonsa ya kai kan wata ƙadangaruwa, ya ajiye ƙoƙon a kan dutse ya shagala. Da ya dawo kansa, ya ga wani abu ja ya kwanta a ƙasan ƙoƙon. Tambaya ta taso masa: ruwan da ya shekara goma sha biyu yana fita garai, ina ya samo ƙasa? Ya kai wa Dela. Ta tsiyaye ruwan, ta murza abin tsakanin yatsunta, ta ɗora a harshe.

"Maigida," ta ce, "wannan yumɓuna ne. Hannuna ne ya cuɗa shi, a tsakiyar madatsa na sa shi."

Nan Barmo ya gane. Ruwa ya sami hanya, yana fitar da cikin madatsar kaɗan-kaɗan, bayanta kuwa lafiya lau, har ciyawa ta yi kore shar. Kwana uku yana ɗiban ƙoƙo yana ajiyewa. Ran farko yumɓun ya rufe gindi kawai, ran na uku ya kai gaɓar yatsa. A ƙasan madatsar gida ɗari da wani abu ne, kowanne da tsofaffi da jarirai.

Ya tara dattawa ya nuna musu. Dogara, Sarkin Noman garin, ya leƙa ƙoƙon ya yi dariya.

"Haba Barmo! Madatsar da ta kayar da Fusatau sau goma sha biyu, ɗan ƙoƙon nan ne zai ƙaryata ta? In tsoro kake ji, mu fito da gayya mu ƙara mata ƙasa a sama."

"Sarkin Noma, ba a sama take ciwo ba," in ji Barmo. "Nauyin ruwa ne ke matse ta. In ba a rage shi ba, kafin wata ya mutu za ta buɗe, kuma a kanku za ta buɗe."

Dogara ya daina dariya. "To ta ina za a rage shi?"

Kowa ya san amsar. Ta gabas ruwan kan gari zai faɗa. In aka fasa jikin madatsar, ƙasa ce, za ta zube gaba ɗaya. Wuri guda ne mai dutse a ƙasa, wanda ruwa zai bi ba tare da ya ci shi ba, ya gangara wani kwarin da ba kowa: gidan Barmo. Dattawan suka sunkuyar da kai. Ba mai iya ce wa mutum ya saki ƙorama a kan kabarin uwarsa, kuma a al'adarsu ba a tono wanda ya kwanta.

Dela ta riske shi a gindin kanya. "Ɗaki da rumbu ba komai ba ne, Maigida, ma sake ginawa. Inna fa?"

Barmo ya durƙusa ya dafa ƙasar. Ya ce, "Inna, ke kika goya ni kika ƙetare rafi da ni. Yau gari nake so ki goya." Ya yi kuka a gaban jama'a, bai ɓoye ba. Sannan ya ɗauki dagi, ya fara da katangar gidansa.

Yini biyu gari duka na haƙa, Dogara ne a gaba. Da la'asar ɗin rana ta biyu hadari ya haɗo daga gabas. Ruwan tafkin ya bi sabuwar hanya, ya shafe ɗakuna, ya tumɓuke kanyar, ya wanke wurin tas har falalen dutse ya fito. Madatsar ta tsaya. Aka liƙe gindinta da yashi da tsakuwa, a rana ta tara ƙoƙon ya fito garai.

Dattawa suka ce ya zaɓi duk tudun da yake so a gina masa. Barmo ya gangara, ya nuna fili mafi kusa da gindin madatsar. Ya ce wanda zai riƙa faɗa wa mutane lafiyarta, ya kamata ya zama shi za ta fara ci in ya yi ƙarya. Nan ya zauna har ya rasu.

Har yau akwai sarautar Mai Ƙoƙo a Tarbaruwa, kuma duk wanda aka naɗa, a wannan gida yake zama da iyalinsa. Kowace Juma'ar damina yakan ɗebi ruwan gindin madatsa ya ajiye, sannan ya ɗaura ƙyalle a kan sanda: fari in ruwan garai ne, baƙi in akwai gyara, ja in kowa ya hau tudu. Ma'aikatan da ke zuwa daga birni da takardunsu su auna madatsar su rubuta ingancinta, su ma sai sun fara ɗaga kai sun dubi sandar.

Falalen dutsen kuwa ba a gini a kansa, ba a noma, ba a bi ta kai da takalmi. Duk shekarar da tafki ya cika ya malala ta wurin, mutanen garin ba sa cewa ya yi ambaliya. Cewa suke yi ruwa ya tafi gaida Inna.