Gishirin Baba Wardoyo

Akwai wani dattijo mai suna Wardoyo a bayan garin Klaten na ƙasar Indonesiya, gidansa ne na ƙarshe kafin gonakin shinkafa. Tun da matarsa Sumirah ta rasu bai gusar da ko tsinke a gidan ba. Tukwanen furenta, sun fi hamsin, suna nan jibge a bayan ɗakin girki yadda ta bar su, ciyawa ta rufe su.

Abu ɗaya ta bar masa mai numfashi: wata jar mage da ta raɗa wa suna Kunyit.

Ba wasa yake yi da magen ba, ko sunanta ba ya kira. Da safe dai zai cuɗa mata shinkafa da busasshen kifi, ya zauna ya ga ta cinye, sannan ya sha kofinsa. Iyakar abin da ke tashinsa daga shimfiɗa ke nan.

Da damina ta kankama, lokacin da gamsheƙa ke ƙyanƙyasa, maƙwabciyarsa Ngatini mai suyar ayaba ta leƙo ta saman shinge.

"Baba, na ga saɓar maciji a gindin tukwanen nan. Bari in kira 'yan kwana-kwana, tunda su ke kama macizai, su kwashe tukwanen su duba."

"Babu mai taɓa tukwanen nan."

"To magen fa? Kullum can take farautar ɓera."

Ya nuna mata buhun gishirin da ya sayo. "Da wannan kakana ya tsare gidansa, ubana ma haka. Maciji ba ya tsallake gishiri."

Ngatini ta kwashe da dariya. "Haba Baba! Maciji ne fa, ba dodon koɗi ba. Ko miya za ka yi da shi?"

"Je ki kula da ayabarki kada ta ƙone."

Shi ke nan, tsoho ya kafe. Ya bi gefen shingensa yana barbaɗawa har ya zagaye gidan kaf. In ruwan sama ya wanke, ya sake zubawa. Sati biyu yana wannan aikin banza.

Ran nan da safe ya cuɗa abinci ya ajiye. Kunyit ba ta zo ba. Ya zauna har ƙudaje suka rufe kwanon, kofinsa ya huce.

A bayan ɗakin girki ya same ta, kwance a gefen tukwanen, fuskarta a kumbure, jikinta ya sandare. Kusa da ita ga 'ya'yan gamsheƙa biyu da ta kashe kafin dafin ya kayar da ita.

Bai yi kuka ba. Bai ji komai ba ma, ƙirjinsa wayam. Ya je bakin shinge ya ce, "Ngatini, kira su."

'Yan kwana-kwana suka zo da dogayen ƙugiyoyi, suka yi ta ɗaga tukwanen ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan gamsheƙa goma sha ɗaya suka saka a buhu, ga ɓawon ƙwai a ƙarƙashin tukunyar ƙarshe.

Babbansu ya dubi farin layin da ya zagaye gidan, ya yi ƙasa da murya. "Baba, gishiri ba ya hana su komai. Amma ko da yana hanawa, ai a ciki ka rufe su tare da magen."

Wardoyo ya ce, "To."

Ya haƙa rami a gindin mangwaro. Sai ya tuɓe rigar da ke jikinsa, ya shimfiɗa, ya naɗe magen a ciki.

Ngatini ta ce a hankali, "Baba, ai a al'adarmu wanda ya take mage da mota ya kashe ta, shi ke binne ta a rigarsa."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani."

Darasi: In an nuna maka inda haɗari yake, ka je ka duba, kada ka fake da abin da ka gada. Ku kwashe tarkace da ciyawar da ke kewaye da gidajenku, ku kira masu kama maciji tun da wuri. Taurin kanmu sau da yawa marar baki ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Ku tura wa duk mai dabba a gida.