Nei Baurina da hodar Dattijo Tekaie

Akwai wata baiwar Allah a ƙauyenmu, can tsibiran Kiribati inda aka binne cibiyata, sunanta Nei Baurina. Duk wanda ya shiga cocinmu yau ya ga 'yan mata sun shigo da Littafi Mai Tsarki suna rawa, furanni a ka, hannuwa a buɗe, to ya gode wa Allah, sannan ya gode wa wannan mata. Ni dai har yau ban gaji da gode mata ba.

A zamanin ƙuruciyarta, rawa da coci ba sa ga maciji da juna. Rawa ta maneaba ce, babban zauren taron gari. A coci kuwa sai a zauna kan tabarma a naɗe hannu, domin an koya wa iyayenmu cewa rawar kakanni hanyar iskoki ce.

Baurina ta gaji rawa wajen kakarta, musamman bino, wadda ake yi a zaune. Hannu da kai da ido ne ke magana, fuska kuma a ɗaure, don a wurinmu mai rawa ba ya murmushi. Ga ta kuma da son ibada. Sai ta ɗauki labaran Yesu ta ɗora su kan rawar kakarta, ta koya wa 'yan matan unguwa a bakin teku.

Wata Kirsimeti, bayan an gama karatu, ta fito da 'yan matan nan gaban jama'a a cikin coci suka zauna suka fara. Ba su yi nisa ba Dattijo Tekaie ya miƙe.

Tekaie shi ne babban dattijon coci. Abin dariyar shi ne, lokacin samartakarsa babu wanda ya kai shi buga akwatin rawa, wannan na katako da maza ke zagayewa suna duka da tafin hannu. Da ya zama dattijo sai ya tuba, har tubar ta wuce gona da iri.

Ya ce, "Baurina, nan gidan Allah ne, ba maneaba ba. Zaɓi ɗaya, ko tabarmar coci ko rawar kakarki."

Ta ce, "Dattijo, wanda ya ba ni baki in yi masa waƙa, ai shi ya ba ni hannun nan."

"To ki kai masa hannun a waje."

Sauran dattawa suka goya masa baya. Aka yanke cewa ba za ta ƙara shiga coci ba sai ranar da ta rantse ta bar rawa. Rantsuwar kuwa ta ƙi yi, domin ta ce ba za ta yi wa Allah ƙarya a cikin gidansa ba.

Da ni ce, da na tattara na koma cocin ƙauyen gaba. Ita ba ta yi haka ba. Kowace Lahadi sai ta shimfiɗa 'yar tabarmarta a bayan taga, a gindin wata kwakwa inda mai hankali ba ya zama, ta bi waƙa da addu'a daga nan. Mata na tsokanarta wai wata rana kwakwa za ta faɗo ta yanke hukunci. Sai ta ce musu ai kwakwar ma ta san ita ba ta da laifi.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Ba a taɓa jin ta zagi Tekaie ba. In mijinta ya dawo da kifi mai yawa, gidan Tekaie na cikin gidajen da ake kai wa. Yara kuwa ba ta daina koya musu ba, ni ma a hannunta na koyi ɗaga hannu.

Ana nan sai Tekaie ya kwanta wani zazzaɓi mai tsanani. Ya tashi, amma kunnensa bai tashi ba. Ya kurmance gaba ɗaya. Yakan zauna a sahun gaba yana kallon bakin fasto na motsi, ba ya jin komai. Mutumin da ya saba a tambaye shi fassarar kowace aya, yanzu sai an taɓa shi ya san an ce amin. Girman kai bai bar shi ya jure ba, sai ya daina zuwa.

Mutanen cikin coci ba su damu sosai ba, wasu ma sun ji sun sarara. Wadda ta lura da gurbinsa ita ce ta bayan taga.

Ranar wata Lahadi da aka tashi, ta naɗe tabarmarta ta nufi gidansa. Ta same shi a rumfa yana kallon teku. Ta zauna a gabansa, ta naɗe ƙafa, ta fara nuna masa karatun ranar da rawa. Ya juya mata baya. Ta ƙarasa abinta ta tafi.

Lahadi ta gaba ta dawo, ta bayanta ma haka. Matarsa ta ce mata ta haƙura, dattijon nan taurin kansa ya fi na kunnensa. Baurina ta ce ita ma ai nata kan ba laushi gare shi ba.

Rannan karatun ya faɗo kan labarin hadari a teku, wannan karon kuma bai juya mata baya ba. Hannuwanta suka zama igiyar ruwa, suka zama kwalekwale yana tangaɗi, suka zama maza suna kwalfe ruwa cikin tsoro. Ta kwantar da kai, ga Yesu yana barci. Sannan ta ɗaga hannu ɗaya a hankali, komai ya tsaya cik.

Tekaie masunci ne, ya san wannan tsoron a jikinsa. Matarsa ta ba mu labari cewa tun daga tsakiyar rawar tafin hannunsa ke dukan katakon rumfa, daidai da kowane motsi, shi bai ma sani ba. Da aka gama, hawaye ne kawai ke sauko masa.

Ranar Ista, ana tsakiyar sujada, sai ga Tekaie ya shigo da sandarsa. Bai zauna ba. Ya ratsa coci ya fita ta ƙofar gefe, jama'a na leƙe ta taga. Ya tsaya a kan Baurina, ya ciro gwangwanin hoda daga aljihu, ya zazzaga mata a wuya, kamar yadda muke yi wa mai rawar da ta ratsa mana zuciya a maneaba. Kowa ya san ma'anar wannan, kuma ba a taɓa ganin dattijon coci ya yi shi ba.

Ya yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa: "'Yar'uwa, tashi ki shigo. Ni na kore ki, ni na zo biko. Kunnena ya mutu, ba domin hannunki ba da maganar Allah ta wuce ni."

Ta miƙe tana karkaɗe tabarma, ta ce, "Dattijo, ka yi a hankali da hodar nan, ta matarka ce." Bai ji ba, amma mu mun ji, coci ya ɓarke da dariya ana share hawaye.

Ran nan ta yi rawa a cikin coci gaban jama'a, shi kuma ya sa aka ɗauko akwati ya buga mata. Daga ƙauyenmu abin ya bazu zuwa maƙwabta, 'yan matan da ta koya wa suka yi aure a wasu tsibirai suka tafi da shi.

Ta rasu da tsufa mai kyau. Ranar jana'izarta jikokin Tekaie ne suka yi rawar hadarin teku, ƙamshin hoda ya cika coci. Allah ya saka wa Nei Baurina da alheri.

Darasi: Kada ka raina baiwar da Allah ya ba wani don kawai ba ta yi kama da taka ba, wata rana ita ce za ta kai maka abin da ka rasa. In kuma an rufe maka ƙofa a kan gaskiyarka, ka yi haƙuri, kada ka rama, kada ka daina alheri. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman wanda kuka san yau yana zaune a bayan taga.