Juma'ar da Mutanen Dutse Suka Rufe Ƙofa

An ce wani sarki, sunansa ya kuɓuce mini tare da sunan ƙasarsa, yana da Yahudawa kashi biyu cikin talakawansa. Na birni suna lissafi da wata, na kan dutse suna lissafi da rana.

Wata Juma'a ya aika a kira na dutse aikin ganuwa. 'Yan aike suka tarar da ƙofa a rufe, ba hayaƙi, ba motsi.

Waziri ya ce, "Ya sarki, wai azumi suke. 'Yan'uwansu na birni kuwa sun yi nasu kwana tara da suka wuce. Azumi ɗaya, rana biyu? Takubba ake wasawa a ciki."

Sarki ya sa aka ɗauro dattijon mutanen dutse, Yedaya, ya rantse zai ƙone ƙauyen in zargin ya tabbata.

Ya ce, "Kai da na birni, wa ke ƙarya?"

Yedaya ya ce, "Ya sarki, su suna jiran a gano musu jinjirin wata, mu ba ma jiran kowa. Shekararmu kwana ɗari uku da sittin da huɗu ce, mako hamsin da biyu cif. Azuminmu ranar goma ga wata na bakwai."

"Baɗi yaushe zai faɗo?"

"Juma'a."

"Zamanin kakanka fa?"

"Juma'a, ranka ya daɗe. Jikana ma Juma'a zai yi, in ka bar shi da rai."

Sarki bai yarda ba. Ya kira masu kai musu gishiri, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kada su haɗa baki. Kowa ya ce duk shekara akwai Juma'ar da ba a buɗe masa. Na ƙarshe ya ƙara da cewa, "Ai waziri ma ya sani. Bara waccan shi ya ce kada mu wahalar da jakunanmu ranar."

Sarki ya dubi waziri, ya ce, "Wa ya zaɓa mini wannan rana ta kiran aiki?"

Waziri ya sunkuyar da kai.

Sarki ya kwance Yedaya da hannunsa, ya ce, "Sarkin da bai san kwanakin talakawansa ba, da idon wani yake yin shari'a."

Daga baya na zauna da ƙwayar wake ɗari uku da sittin da huɗu, na kasa su bakwai-bakwai. Kashi hamsin da biyu suka fita, ko ƙwaya ɗaya ba ta yi saura ba.