Tsamiyar Ɗan Aro

An ce a wani zamani, Sarkin Noma Jatau, mutum mai zuciya a kusa, ya ƙudura ƙwace gonar da ya ara wa tsoho Anaruwa, ga damina ta kawo kai. Laifin tsohon ɗaya ne: ya dasa tsamiya. A al'ada kuwa ɗan aro ba ya dasa itace, don itace shaidar mallaka ne. Nasa dai ya yi noma, da kaka ya kai wa mai gona dami.

Jatau ya saɓi gatari ya kama hanya. Da rana ta take, ya kishingiɗa a gindin wata ɗorawa, iska mai ƙanshin hadari na kaɗawa. Tsakanin barci da farke, sai shamuwa ta leƙo daga sheƙarta ta ce, "Ranka ya daɗe, ka san mafarin sunan nan, ɗan aro?"

Ya ce, "A'a."

Ta ce, "To saurara. An yi wani mai filaye, Gagare, baƙi suka roƙe shi wurin shuka. Ya rasa sunan da zai kira su, su ba bayi ba, su ba barori ba. Ya tambayi kakarsa. Ta ce, 'Zauna, maigidan, ka sha labari. Mutumin da ya fara riƙe fartanya ya roƙi ƙasa wuri. Ƙasa ta ce, na ara maka, amma za a kawo mini dami. Ya ce, na gero ko na dawa? Ta ce, kai dai yi nomanka, in lokaci ya yi za a ɗaure a kawo. Ba a gane zancen ba sai ranar da aka naɗe shi da farin ƙyalle aka ɗauko shi. To, kai ma ɗan aro ne a wurin ƙasa, kira su da sunanka na gaskiya.' Sai Gagare ya kira su 'yan aro."

Shamuwa ta gyara fiffike ta ce, "Kayan aro ba ya rufe katara, ranka ya daɗe, ni ma reshen nan aro ne. Ɗorawar da kake shan inuwarta kuwa, kakanka ya dasa ta yana baƙo, a gonar aro. Mai gonar ya gani ya kau da kai."

Jatau ya farka, kunya ta rufe shi. Ya ce, "Na ji, shamuwa."

Ya tarar da Anaruwa tsugune yana ba dashensa ruwa. Tsoho ya ga gatari, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ma zan ga 'ya'yanta ba."

Jatau ya juya. Ya shiga daji ya saro ƙaya, ya kewaye tsamiyar kada awaki su ci.