Randar Iri a Zauren Uwar Zumunta

Yabo ya tabbata ga Ubangiji Allah, wanda yake ɗaukaka masu tawali'u, yake kuma ɓoye bayinsa na ƙwarai a ƙananan ƙauyukan da ba kowa ya san sunansu ba. Daga cikin waɗannan bayi akwai uwarmu kuma malamarmu, saliha mai tsoron Allah, ma'abociyar haƙuri da kamun kai, Uwar Zumuntar matan ikilisiyarmu da ke wata 'yar unguwa a gefen hanyar Balan, a ƙasar Gaya. Mu dai Inna muke ce mata, maƙwabtanmu Musulmi ma haka suke kiranta. Ba ta yi boko mai nisa ba, amma Littafi Mai Tsarki yana kanta, har mai bishara kan leƙo ya tambaye ta inda wata aya take. Ita ta koya mana waƙoƙin sujada da kiɗan tulu, ita ta karɓi haihuwar yawancinmu, ita kuma take wanke mamatanmu mata.

Ni Hanatu, aikina a wurinta shara ne. Mutum ce ni mai son sanin ƙwaƙwaf, har Inna kan ce da tambaya noma ce da na ciyar da Gaya da Ajingi gaba ɗaya. Wannan halin ne ya sa na shafe shekaru ina bin diddigin abin da zan ba da labarinsa.

A zauren gidanta, mai ƙofa biyu, akwai wata babbar randa da ba a zuba mata ruwa, irin gero kawai ake ajiyewa a ciki, gauraye da toka saboda ƙwari. Dokar randar ɗaya ce: duk macen da za ta shiga, ta shiga ita kaɗai da ƙwarya rufe da faifai, ta fita ta ɗaya ƙofar da ƙwaryarta a rufe. Ba mai sanin ko zubawa ta yi ko ɗiba. Dattijo Da'u, ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya, ya sha ba da shawara a sa wa zauren kwaɗo, a riƙa ba mutum a gaban shaidu. Inna ta ce masa, "Dattijo, wanda ya rasa iri ya riga ya rasa abu ɗaya. Kada mu karɓe masa mutuncinsa a kai."

Wata shekara ruwa ya yaudare mu. Ya sauko da wuri kamar da bakin ƙwarya, kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona, Inna kaɗai ta ce ita za ta dakata, wannan ruwan bai zauna ba tukuna. Gero ya tsiro gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke, rana ta buɗe, shuka ta ƙone ƙurmus tun daga wajenmu har Gafasa. Masu hali suka sayo wani irin a kasuwar Gaya da tsada, sauran kuwa suka riƙa bi ta zauren Inna, ƙwarya a rufe.

Wadda abin ya fi tsananta a kanta ita ce Hure, maƙwabciyarmu Musulma, 'yar gidan malamai daga Toranke, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya. Gonar da take nomawa ta aro ce, mai gonar kuma ya faɗa mata a fili cewa in ta kwana ba shuka a wannan damina zai ba wani. Irinta duka ya ƙone a ƙasa. Hure kuwa mace ce da aka sani da bayarwa, gidansu ake zuwa karɓar sadaka, ba ta taɓa miƙa hannu ga kowa ba. Duk mun san ta gwammace ta rasa gonar da a gan ta tana fitowa daga zauren wani da iri.

Ranar da ruwa ya dawo, da safe ƙasa ta jiƙu sharkaf, na je share zauren. Na ɗaga murfin randar don in ƙara toka, kamar yadda aka ɗora mini, sai na ga gindinta. Abin da ya rage bai fi a watsa wa kaji ba. Na ruga cikin gida na sami Inna a kan tabarma ta idar da addu'ar safe.

Na ce, "Inna, randa ta ƙare. Ga shi yau kowa zai nemi iri, ga Hure ko ƙwaya ba ta da ita. Yaya za a yi?"

Ta dube ni cikin natsuwar nan tata, ta ce, "Shara aka ba ki, 'yata, ba awo ba. Je ki kira mini matan zumunta, kowacce ta zo da ƙwaryarta a rufe, ko da ba komai a ciki. Ki biya ta gidan Hure ki ce ina roƙonta ta zo ta taya mu."

Na gane hikimarta: in mata suka yi yawa, kowacce da rufaffiyar ƙwarya, ba mai iya nuna Hure da yatsa. Amma me za a ɗiba a randar da ba komai? Na bi gida-gida da wannan tambayar a raina. A gidan Hure ban same ta ba, aka ce ta fita tun ɗazu, hankalina ya ƙara tashi. Da muka dawo da mata sai ga ta zaune kusa da Inna a ƙofar gida, ta sunkuyar da kai, ƙwaryarta rufe a cinyarta.

Inna ta yi gajeriyar addu'a, ta roƙi Mai ciyar da tsuntsayen sama kada ya bar gonar kowa tsirara. Hure ta shafa tata addu'ar. Daga nan mata suka riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, wasu na waƙa ƙasa-ƙasa, suna fita ta baya su wuce gona. Ni ce ta ƙarshe. Na ɗaga murfi, sai ga gero ya kusa rabin randa, bayan duk ɗibar da aka yi. Na tsuguna a wurin na yi kuka.

Hure ta shuka gonarta a ranar, gonar kuma ta zauna a hannunta har yau. Ni kuwa sai bincike ya tashi. Na bi matan zumunta da dabara, wannan a bakin rijiya, waccan a wurin surfe, ina tambayar wadda ta zuba. Mafi yawansu suka ce ɗiba suka yi, kaɗan suka ce da ƙwarya wofi suka shiga suka fita, masu zubawar kuma abin da suka kawo bai taka kara ya karya ba. Na koma wurin Inna, ta yi murmushi ta ce, "Ba ki gaji ba, Hanatu?" Iyakar amsar da na samu ke nan. Na riƙa ba da labari cewa randa ta cika da kanta, Dattijo Da'u yana girgiza kai.

A wannan daminar akwai wani abin dariya da ban haɗa shi da randar ba. Gonar Inna tana can bayan fadama, nesa da ta kowa, kuma ita take shuka abinta da ƙafarta, ba ta yarda a taya ta. Da lokacin noma ya yi aka kai mata gayya, sai aka tarar geron ya fito ba layi ba tsari, nan cunkus, can warwatse, fartanya ta rasa ta inda za ta bi. Masu gayya suka yi ta tsokanarta, wai tsufa ya sa Inna shuka da ido a rufe. Ni ma na sa baki, na ce ko kaza ce ta taya ta. Ta yi dariya tare da mu, ta ce, "Wanda ya shuka ya san abin da yake yi." Da kaka ta yi, gonar nan marar layi ta fi ta kowa dami a unguwarmu, har rumbunta ya kasa ɗauka, aka kai saura majami'a ranar godiyar kaka.

Bayan shekaru Inna ta huta cikin Ubangiji, da tsufa mai kyau, jikoki da tattaɓa-kunne kewaye da ita. Jama'ar da ta zo jana'izarta, Kirista da Musulmi, sai da ta cika fili har bakin hanya. Ana zaman makoki Hure ta ja ni gefe, cikin zauren nan, kusa da randar.

Ta ce, "Hanatu, kin dame ni da tambaya shekara da shekaru ina kauce miki, don Inna ta sa na yi alkawari. Yanzu ta tafi, kuma ba na so in bi ta da wannan magana a cikina. Ran nan da kika tafi kiran mata, ni ina bayan dangar nan, na zo na kasa shiga don kunya. Wallahi da idona na ga tsohuwar nan tana jan buhu a ƙasa, tana hutawa tana ja, har cikin zaure. Irinta ne, wanda ba ta shuka da ruwan farko ba. Ta juye shi kaf a randa, ta kakkaɓe buhun. Da ta juyo muka haɗa ido, sai ta ce, 'Ba ki ga komai ba, ni ma ban gan ki ba. Shiga ki ɗiba, 'yar malam, kafin su iso.'"

Na ce, "To ai shi ke nan, ashe ba abin mamaki ba ne. Irinta ta zuba." Har abin bai yi mini daɗi ba, don na saba da labarina yadda yake.

Hure ta dafa kafaɗata ta ce, "Ke da son tambaya, ba ki yi ta ƙarshen ba. In ta juye irinta duka a nan, da me ta shuka tata gonar?"

Ta ƙara da cewa, "Ba ta shuka ba, Hanatu. Gonata tana hanyar tata, kullum ina dubawa, sungumi bai taɓa ƙasar nan ba a shekarar. Na je na same ta ina kuka, na ce in maido mata rabi, ta ce abin da ya shiga randa ba ya komawa. Abin da kuka nome kuna dariya, ba hannun mutum ne ya shuka shi ba."

Na kai wa Dattijo Da'u maganar. Ya ce gyauro ne, wato ƙwayar da ta zube bara ta tsiro da kanta. Sai kuma ya ce amma shi tun da yake noma bai taɓa ganin gyauro ya tsallake farin da ya ƙone shukar gari ba, balle ya cika rumbu. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, bai ƙara maganar kwaɗo ba har ya bar duniya.

Randar tana nan a zauren, yanzu ni nake zuba mata toka, ina rufewa ba tare da na auna ba. Duk kaka Hure takan shigo da ƙwaryarta a rufe, ta fita ta baya, ban kuma taɓa tambayarta ba. Ɗaukaka ga Allah wanda ya shuka wa baiwarsa gonar da ta bari saboda maƙwabciyarta. Ya Ubangiji, ka ba Inna hutawa a wurinka, ka sa albarkar da ka yi mata ta bi zuriyarta da zumuntarmu da gidan Hure, ka kuma ba mu zuciyar da za ta juye buhu ta kakkaɓe ba tare da ta waiwaya ba. Amin.