Farar da Ta Ƙetaro Teku

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

Wata tsohuwa ce wai ita Tabawa, gona ɗaya tal gare ta, ta gero. Geron nan shi ne tuwonta har wata damina. Saura kwana uku a yanke shi, sai ga fara da la'asar, ta rufe rana. Ba farar garin ba ce, daga hayin teku ta hau iska ta zo.

Mutane suka kaɗa gwangwani, fara ba ta kula ba. Suka yi hayaƙi, ko tari ba ta yi ba. Suka yi ihu har murya ta dushe, sai kowa ya saduda.

Ita kuwa Tabawa, sai ta je ta durƙusa gaban Sarkin Fara.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sannu da hanya."

Ya ce, "Kwana bakwai muna bisa ruwa, tsohuwa. Ƙasa uku muka cinye kafin nan. Kauce!"

Ta ce, "A garin nan ba a ba babban baƙo abinci da gajiya a jikinsa, abin kunya ne gare mu. Ku huta a ciyawar fadama, da safe in miƙa maka geron da hannuna."

Sarkin banza, tunda yake ba a taɓa durƙusa masa ba. Kansa ya fasu, ya sauke rundunarsa a fadama.

Da asuba raɓa ta jiƙe musu fikafikai sharkaf. Sai ga Tabawa da matan gari, kowacce da buhunta. Sarki ya yunƙura, ya faɗi. Ya sake, ya faɗi. A na uku Tabawa ta kama shi da yatsa biyu.

Ya ce, "Tsohuwa, ina geron?"

Ta ce, "Af! Ba a gaya maka ba? Mu nan cin fara muke yi."

Aka tafasa, aka shanya, aka soya da yaji. Tabawa ta yanke geronta cif, tana girbi tana taunar baƙi, murna kamar ta kashe ta.

Shi ya sa in ka je cin wata ƙasa, ka fara tambayar abin da mutanenta ke ci.

Ƙurunƙus kan fara! Wanda bai samu ba, ya lashi yajin.