Motar Salissou, Gejin Chaïbou

Akwai wani bakanike a garin Greensboro na Amurka, sunansa Chaïbou. Mutumin Tahoua ne, yana da ɗan gareji a East Greensboro, bayan wani shagon wanki. Ku ɗan tsaya ku karanta, jama'a, don labarin nan ya daɗe yana cina a rai.

Chaïbou ya iya aiki, wannan babu gardama. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya iya jira. Ko shayi aka ɗora, kafin a zuba na farko ya tashi ya zauna ya fi a ƙirga. Idan danja ta tsayar da shi, yatsunsa na kan sitiyari suna kaɗa ganga.

Yana da amini, Salissou, wanda ya girme shi kaɗan. Tare suka yi ƙuruciya, kuma shi ya tarbe shi ranar da ya sauka a ƙasar. Salissou mai walda ne, kuma Allah ya jarabce shi da son tseren mota, irin wanda motoci biyu ke jerawa, fitila ta yi kore, a miƙe kawai babu kwana, cikin 'yan daƙiƙu an gama.

Shekara da shekaru Salissou ya ɗauka yana haɗa injin wata tsohuwar Mustang da hannunsa. Duk Asabar yana ƙarƙashinta. Mutane har tsokanarsa suke, wai da motar aka ɗaura masa aure.

A shekarar 2006 aka bugo waya mahaifinsa ya kwanta ciwo. Dole ya tafi gida. Kafin ya tafi ya kawo motar garejin Chaïbou, ya miƙa masa makulli.

"Ga amana," in ji shi. "Ka hau ta, ka yi tsere da ita, mota ba ta son ajiya. Abu ɗaya na roƙe ka."

Ya nuna masa gejin baƙin mai da ke gefen sitiyari, wanda ke nuna ƙarfin da mai yake zagaya inji da shi. Irin mai tiyo ne. Wani siririn tiyo ya taso daga inji har bayan gejin, man da kansa ke tura allurar, ba ruwansa da batir. A jikin gilashin Salissou ya ja layi da jan farcen matarsa.

"In allura ta sauka ƙasa da jan layin nan, ka kashe inji. Ko ana rabon Aljanna a ƙarshen fili, ka kashe."

"Haba Yaya Salissou, ni za ka koya wa wannan?" Chaïbou ya yi dariya. "Je ka abinka."

Salissou ya tafi. Jinya ta yi tsawo, takardun dawowa suka ƙara nasu jinkirin.

Shi kuwa Chaïbou ya fara zuwa filin tsere da ke bayan gari. Kai, ashe an haife shi ne don wannan abin! Mutumin da ba ya iya jira, ai kafin fitila ta gama yin kore ya riga ya ɓace. Ya ci wannan, ya ci wancan. Turawa da baƙaƙen Amurka suka fara zuwa leƙa bonet. Abokinsa Sulley, wani direban tasi ɗan zangon Kumasi, shi ne sarkin zuga.

"Chale, abokina, motar nan kai ta sani!" in ji Sulley. "Salissou haɗawa kawai ya iya."

Maganar ta yi wa Chaïbou daɗi fiye da yadda ya kamata.

Ana nan, ƙarshen zafi ya gabato, sai allura ta fara wani hali. Da sanyin safiya tana sama lafiya lau. Inji na ɗaukar zafi sai ta fara zamewa, ta taɓa jan layi, ta leƙa ƙasa.

Chaïbou ya juye mai, ya zuba mai kauri. Ta ɗan ɗaga, ta sake komawa.

Ku tuna fa, bakanike ne. Ya san ma'anar abin sarai. Wani abu ya fara cinyewa a cikin inji, kuma maganinsa a sauke inji a buɗe. Da motar kwastoma ce da ya faɗa masa haka ba tare da ya kalli fuskarsa ba.

To amma sauke inji aikin makonni ne. Babban tseren rufe shekara kuwa Asabar mai zuwa ne. Ga shi Salissou ya aiko cewa mahaifinsa ya samu sauƙi, takardu sun fito, yana tafe bayan tseren da 'yan kwanaki. Idan ya dawo, makulli ya koma hannun mai shi.

Wannan mako Chaïbou bai zauna ba. Ya shiga gareji, ya fito. Ya tayar da motar, ya zuba wa allura ido, ya kashe. Ya ɗauki waya zai kira Tahoua, ya ajiye. Abinci ma a tsaye yake ci.

Ranar Talata ya samo wa kansa mafita.

"Gejin ne ya tsufa," ya ce wa Sulley. "Wa ke amfani da mai tiyo yanzu? In tiyon nan ya fashe, tafasasshen mai zai wanke mini ƙafafu."

"Gaskiyarka, massa! Sayi na lantarki."

Kuma maganar tiyon ba ƙarya ba ce. Gejin lantarki yana da nasa amfanin. Wani ɗan ƙarfe ake ɗaurawa a jikin inji, shi ke jin ƙarfin mai ya aika wa allura ta waya, mai ba ya shigowa inda direba yake. Mutane da yawa shi suke zaɓa, kuma yana musu aiki daidai.

Ya je shago ya sayo sabo dal, mai shuɗiyar fitila. Ya ɗaura shi kusa da na Salissou, ya tayar da inji, ya jira ya yi zafi.

Allurar sabon ta sauka. Daidai inda tsohon ya nuna.

Jama'a, da ni da ku ne, ai magana ta ƙare, ko ba haka ba? Shaidu biyu sun faɗi abu ɗaya. Amma Chaïbou sai ya kwance sabon, ya mayar shago, ya ce musu lalatacce ne. Suka ba shi wani. Wannan ma ya faɗi abin da 'yan'uwansa suka faɗa.

Ya tsaya yana huci, gumi na zuba. Can ya jawo wani tsohon kwali da yake tara tarkacen da ya kwaso daga bolar motoci. Ya tono wani ɗan ƙarfen aika saƙo na wata motar daban, wanda ba a yi shi don wannan gejin ba. Ya ɗaura, ya murɗa makulli, inji ya ɗauka.

Allura ta tashi tsaye, can sama, ko motsi ba ta yi.

"Yauwa!" in ji Chaïbou. "Ai na faɗa!"

Ya kwance gejin Salissou, ya toshe inda tiyon yake, ya jefa shi cikin kwali.

Matarsa Kouloussoum ta kawo masa abincin rana ta tarar yana ta murna shi kaɗai. Tana aiki ne a gidan kula da tsofaffi. Da ya gama ba ta labari sai ta ajiye kwano a hankali.

"Baban Anissa, mu a wurin aiki in muka auna tsohuwa muka ga jininta ya hau, likita muke kira. Ba ma ta canza na'ura har sai mun samu wadda ta ce lafiya lau."

"Ke mi kika sani a mota?"

"Ban san mota ba. Kai na sani. Tun da ka shigo harkar nan ba ka kallon idona in kana magana. Ka kira mai motar mana."

"Zan kira."

Bai kira ba. Salissou ne ma ya kira ranar Juma'a, layin na yankewa yana dawowa. Bayan gaisuwa da tambayar mai jiki ya ce, "Ina amanata? Allura na nan inda na bar ta?"

Wallahi a nan ne Allah ya ba Chaïbou dama ta ƙarshe.

"Tana sama, Yaya. Na rantse maka, tana can sama."

"To madalla. Na san ba ni da damuwa tunda kai ne."

Ranar Asabar rana ta take, kwalta har tururi take. Fili ya cika, ƙarar injuna ta hana a ji maganar juna. Chaïbou ya ci zagayen farko. Da ya dawo sai ya ji wani ɗan ƙas-ƙas daga ƙasan inji, siriri, irin wanda kunnen bakanike kaɗai ke kamawa. Ya dubi allura. Tana sama. Ya ja hular kwano ya rufe kunnuwansa.

Zagaye na biyu, fitila ta yi kore, ya take totur har ƙasa. Motar ta ɗaga gaba ta harba. Yana tsakiyar fili, yana gaba da abokin karawarsa, sai ji kake daram!

Inji ya buga. Ƙarfe ya fasa gefen injin ya fito waje, baƙin mai ya malale ƙarƙashin tayoyi. Motar ta juya, ta goga katanga, ta tsaya cikin hayaƙi. Ma'aikatan fili suka ruga suka kashe wutar motar, suka zaro shi.

Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane bai yi ba. Amma aikin shekarun Salissou yana kwance a kwalta gutsi-gutsi, ana sharewa da tsintsiya. Sulley mai zuga kuwa, ya ce an kira shi ɗaukar fasinja.

Kwanakin da suka rage Chaïbou ya yi su ne yana shirya abin da zai faɗa. Ya tsara maganar tsaf: ƙaddara ce, allura ba ta nuna komai ba.

Da Salissou ya sauka, Chaïbou ne ya je ya ɗauko shi. A hanya ya faɗa masa. Salissou ya yi salati, ya ce, "Kai dai ba ka ji ciwo ba ko? Alhamdulillahi. Kai ni in gan ta."

A gareji ya daɗe a tsugune yana kallon ramin da ke gefen injin. Ya sa hannu ya shafa bakin ramin. Idanunsa suka kawo ruwa. Sannan ya zagaya ya zauna a kujerar direba, ya ga shuɗin gejin da bai sani ba.

"Ina nawa?"

"Ya tsufa ne, Yaya. Na sa maka na zamani. Kuma wallahi har lokacin da abin ya faru allura tana sama."

Salissou ya miƙa hannu ya kunna wutar motar. Bai tayar da inji ba, ai babu injin da za a tayar. Babu ɗigon mai ko ɗaya a cikinsa.

Allura ta tashi tsaye, can sama.

Chaïbou ya san haka take yi tun ranar da ya ɗaura ta, kawar da kai kawai yake yi duk sanda zai murɗa makulli. Ya jingina da bango.

"Da wannan ka rantse mini?" in ji Salissou, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ka yafe mini. Zan haɗa maka wani injin, ko zai ɗauke ni..."

"Inji ƙarfe ne, Chaïbou. Da ka kira ni ka ce allura ta sauka amma kana son tseren nan, wataƙila in yi faɗa, wataƙila ma in ce je ka gwada sa'arka. Da yanzu tare muke kuka. Amma ina can ina jinyar ubana, kana nan kana neman abin da zai taya ka yi mini ƙarya."

Ya ɗauki sukundireba ya kwance shuɗin gejin a natse, ya kamo hannun Chaïbou ya ɗora masa a tafi.

"Na yafe maka don Allah. Wannan naka ne, riƙe abinka."

Ya kira janwe ta ja motarsa.

Har yau suna gaisawa a masallaci, suna haɗuwa a suna da biki. Amma Salissou ya sake zuwa gida ba sau ɗaya ba, kuma Chaïbou a bakin mutane yake jin ya tafi.

Darasi: Idan gaskiya ta zo maka da ɗaci, kada ka yi ta yawon neman wanda zai faɗa maka mai daɗi, domin za ka same shi, kuma ranar da abin zai fashe ba zai tare maka komai ba. In kuwa amanar wani ce a hannunka, ka faɗa masa halin da ake ciki tun da sauran gyara. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ke shirin jefa gejinsa na gaskiya a kwali yau ɗin nan.